Tambaya da Amsa: Sai Na Iya Ƙa'idar Rubutu Zan Sa Baki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni tela ce, karatuna ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare. Muna da zauren WhatsApp na iyayen yara a makarantar da 'ya'yana suke. Kwanaki aka ƙara kuɗin makaranta ana tsakiyar zango, sai na rubuta cewa bai kamata a yi ƙari ba a kira taron iyaye ba. Wani bawan Allah ya ɗauko maganata ya ce in je in koyi rubuta Hausa tukuna kafin in zo ina tsara wa makaranta yadda za ta yi. Wasu suka yi ta dariya. Tun ranar ban sake cewa uffan ba. Malama, dole ne sai mutum ya iya ƙa'idar rubutu kafin ya yi magana a irin wannan wuri? Ni a ganina in dai an gane ai shi ke nan.
Wata uwa, daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin komai, mutumin nan bai kyauta ba. Kin kawo magana a kan kuɗi da taron iyaye, shi kuma ya rasa amsa, sai ya kama haruffanki. Da gyara ya nufa, da ya bi ki ta gefe ya faɗa miki tsakaninku, kamar yadda ake raɗa wa mace cewa ɗankwalinta ya zame. Wasiƙar nan taki sai da na gyara wurare goma sha huɗu a cikinta kafin a buga, amma babu jimla ko ɗaya da ta shige mini duhu. Ki koma zauren ki maimaita maganarki, domin har yanzu ba a ba ki amsa ba.

Sai dai inda kika ce in an gane shi ke nan, a nan zan ɗan ja da ke. Na yi shekara 27 ina koyar da Hausa a makarantar 'yan mata, kuma abin da na fi gani shi ne mai rubutu kullum yana zaton an gane shi, don shi da muryarsa yake karanta abin da ya rubuta. Mai karatu kuwa ba ya jin muryarki. Baƙaƙen kawai yake gani.

Ga abin da ya faru a gidanmu. Ana shirin bikin 'yar yayata, wani ƙanenmu ya aiko matarsa da gudummawarsa. Yarinyar da ta karɓa ta ɗauki hoton kuɗin ta sa a zauren dangi, ta rubuta: "ga kudin daya sata ta kawo". Abin da take nufi shi ne, ga kuɗin da ya sa ta ta kawo. Gwaggonmu da ke Gusau, da aka karanta mata, sai ta ji cewa kuɗin da ya sata ne matar ta dawo da su. Kafin la'asar maganar ta kai gidaje uku. Ƙanen nan namu ya kwana biyu ba ya ɗaga wayar kowa, kuma ko da aka warware, ranar ɗaurin aure a bayan jama'a ya tsaya. Duk wannan saboda tazara ɗaya da ba a bari ba tsakanin "sa" da "ta".

Shi ya sa idan aka ce in zaɓi ƙa'ida ɗaya tak da zan roƙi mutane su riƙe, raba kalma da haɗe ta zan zaɓa. "Ta fi" daban, "tafi" daban. Dubi sunan jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita: Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ki haɗe kalmomin biyu na tsakiya, sai ki ga kamar ana korar gaskiya ne. Haka "ma su" da "masu", "na sa" da "nasa", "da ma" da "dama", "a kan" da "akan". Hanya mai sauƙi ita ce: wakilin suna da ke gaban aikatau a ware yake tsayawa, wato ya ce, ta zo, mun gani. Na mallaka kuma da ke bin suna a manne yake, wato gidansa, rigarta, ɗinkinki. "Yana", "tana" da "suna" a haɗe suke. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya rage rabin wahalar mai karanta shi.

Sai haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Ba ado ba ne. Baki ba baƙi ba ne, kafa ba ƙafa ba ce, kuma duk macen da ta taɓa ɗaukar ciki ta san nisan da ke tsakanin bari da ɓari. Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na ta'aziyya. Kullum sai na ga an rubuta "Allah ya jikansa", alhali jika ɗan ɗa ne. Addu'ar daga jin ƙai ta fito, Allah ya ji ƙansa. Allah dai ya san nufin bawansa, amma addu'ar da za a yi wa mamaci ta cancanci a tsaya a rubuta ta daidai.

Na san inda matsalar ta samo asali. Wayoyin da muka fara riƙewa ba su da waɗannan haruffa, saƙon tes kuma ba ya wuce harafi 160, kowane saƙo da kuɗinsa. A nan aka koyi "ngd" da "lpy" da "ykk". Masu sa q a madadin ƙ, su rubuta "qasa", ina yi musu uzuri, don ko ba komai sun ji a kunnensu cewa sautin daban ne, sun nema masa gurbi. Masu rubuta "xan xo" ne ban samo wa hujja ba, tunda z tana nan a kan kowace waya. Yanzu kuwa uzurin ma ya ragu. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa. Ki shiga saitinsa ki ƙara harshen, za ki sami ƙugiyoyin duka.

Kada kuma ki ɗauka ƙa'idar nan wani abu ne da ya sauko daga sama wanda 'yan boko kaɗai suka gada. Mutane ne suka zauna suka tsara ta, suka yi ta gyara. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun boko a 1912. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. An yi taro a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don a daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar, kuma har gobe mu muna rubuta 'ya'ya, su suna rubuta ƴaƴa. Ita kanta ƙa'idar ba ta gama komai ba. Ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa gado na kwanciya da gado na magada suke fitowa iri ɗaya, haka wuya ta wahala da wuya na jiki. A wannan fannin ajami ya ɗara boko, domin yana bambanta dogon wasali da gajere. Dattijon da kika ga yana tuntuɓe a boko, wataƙila da alƙalami da tawada ya fi mai yi masa dariya iya rubutu.

Wani abin da masu gyaran mutane suke yawan kuskurewa shi ne karin harshe. Basakkwace ya rubuta "munka tahi", ko mutumin Bauci ya ce "mace ne", ko ɗan zango a Kumasi ya yi tasa Hausar, ba jahilci ba ne, harshen gidansu ne. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da Kananci, an zaɓe ta ne don littafi da jarida da jarrabawa. Ba a zaɓe ta don a rufe bakin sauran a wurin hira ba.

To, ga yadda nake auna abin. Idan gaisuwa ce tsakaninki da ƙawarki, rubuta yadda kika ga dama. Idan magana ta shafi kuɗi, ko sunan wani, ko magani, ko addini, ko sanarwar rasuwa, ko awon kayan mai ɗinki, to ki tsaya ki karanta abin da kika rubuta da ƙarfi sau ɗaya kafin ki tura, kina tsayawa a inda kika bar tazara. Kin san yadda inci ɗaya yake ɓata riga. In kuma maganar tana da tsawo kuma kina tsoron a juya ta, ki yi saƙon murya, ba abin kunya ba ne.

Game da ƙarin kuɗin nan, ki rubuta shi a jimla uku gajeru: nawa ake biya a da, nawa aka mayar, da kuma ranar da kike neman a kira taron iyaye. Ki ba babbar 'yarki ta duba miki, sannan ki tura. In mutumin ya sake tanka miki a kan rubutu, ki ce masa kin gode, kina jiran amsarsa a kan kuɗin.