Rediyona na kuka in na ba mota wuta: in sayi filta?

Tambaya: Assalamu alaikum, malam. Ina jigilar kaya tsakanin Maradi da Dakoro da wata Hilux mai shan esansi. Na sayi rediyon nan mai laluben tashoshi, wanda ake ce wa sikana, don in riƙa jin oba-oban yarana a hanya. A ɗaki da batirinsa tas yake. A mota kuwa na jona shi a ramin kunna taba, da na tada inji sai wani kuka "wiiii", in na ba da wuta ya ƙara tsini. An ce in sayi filta. In saya? Daga wani mai karatu, unguwar Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna. Ƙara tana shiga rediyo ta ƙofa biyu: ko ta wayar wuta, ko ta eriya. Filta, wato ƴar na'urar da ke tace ƙara daga wutar da ke shiga rediyo, ƙofar wayar wuta kaɗai take tsarewa, to sai ka san ta wacce ɓarawon yake shigowa.

Gwajin ba ya cin ko dala. Tada inji, kunna rediyon, ka zare eriya. In kukan na nan, ta wayar wuta yake biyowa. In ya ɗauke, eriya ce ke tsinto shi a iska. Sake gwadawa da batirin rediyon, ka zare shi daga wutar mota, eriya na jone: in kukan na nan ta eriya ce, in ya ɗauke ta wayar wuta ce.

Yadda ka kwatanta shi, kuka mai hawa da sauka tare da inji, na fi zargin dinamo, wato altanata. Wutar da take haifarwa mai kai-da-komo ce, diyod shida ne a cikinta suke miƙar da ita ta zama irin ta batir. Miƙarwar ba ta cika ɗari bisa ɗari, akwai ɗan kaɗawa da ke saura, kuma shi ne kake ji a lasifika. In diyod ɗaya ya ƙone, kaɗawar sai ta yi yawa. Ka sa mai gyaran wutar mota ya ɗora mita a kan batir inji na aiki: a DC ya kamata a ga tsakanin volt 13.8 zuwa 14.4, a AC kuwa in ya haura rabin volt, a kwance dinamon. Nan filta ba magani ba ce, rufa-rufa ce, batirinka ma yana kan hanyar mutuwa.

In dinamo lafiya lau take, rabu da ramin taba. Wayarsa ta bi ta cikin damin wayoyin fanka, famfon mai da na gogen gilashi, duk abin da suka zubar yana kwasa. Ja waya biyu sababbi, ja da baƙa, ka murɗe su kamar igiya. Jar ta tafi kan batir kai tsaye, da fis a kusa da batir ɗin, kada ya wuce taƙi ɗaya ko biyu. Sikana ba ya cin amfiya ɗaya cikakkiya, fis na amfiya 2 ko 3 ya wadatar. Kada a yi mini wayon nan na naɗa zaren waya a madadin fis, mota ake ƙonawa da shi. Baƙar kuma a ɗaure ta a jikin ƙarfe, inda aka kankare fenti da tsatsa har ya yi ƙyalli. Wannan haɗi da jikin ƙarfe shi ake kira mas, kuma mas ɗin motocinmu yana shan wahala: ƙurar hunturu, ruwan damina, ga girgizar hanya. Duba wayar da ta haɗa inji da jikin mota, sau da yawa za ka tarar ta yi kore ko ta kusa tsinkewa.

Bayan wannan ne filta take da amfani, irin mai naɗin waya da kondansa, a sa ta kusa da rediyon. Zoben ferit, wani baƙin zobe mai rage ƙara a waya, shi ma yana taimakawa, ka zagaya wayar a cikinsa sau uku ko huɗu.

In kuwa ta eriya ce, saurari kalar ƙarar. "Tak-tak-tak" mai sauri da inji, tartsatsin buji ne. A sa buji masu rezista, wato masu rage ƙarar tartsatsi, a na kamfanin NGK za ka ga harafin R a lambarsu, kamar BKR6E, a kuma duba wayoyinsu. "Shhhh" marar hawa da sauka kuwa, nemi cajar waya ko ƙwan LED. Kwanaki aka kawo mini wata mota, mai ita ya riga ya sayi filta biyu. Na miƙa hannu na zare wata ƴar caja ta jaka guda daga ramin taba, rediyo ya yi tsit. Shi da kansa ya mayar da ita sau uku yana zarewa kafin ya yarda.

Wasu sukan murɗa maɓallin sikwelc, mai rufe lasifika in muryar da ke shigowa ta yi rauni, har ƙarar ta ɓace su ce an gyara. Ƙarar na nan, kunnen rediyon aka toshe, kuma da ka wuce Kornaka muryar yaranka ta yi rauni, ita ma ba za ka ji ta ba.