Ban taɓa taka Texas ba, za su iya kai ni kotu a can?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka sau biyu kafin in fara rubutu. Ka ce a Ohio aka yi wa kamfaninka rajista, a Columbus kake zaune, kana sayar da maƙalin waya na mota ta Amazon, sai ga wasiƙa daga lauyoyin wani kamfani a Texas, wata jihar Amurka dabam, suna cewa kayanka ya shiga haƙƙin ƙirƙirarsu (patent, wato rajistar mallakar fasaha), idan ba ka biya ba za su maka ka a kotu a can. Kai kuwa ko hanyar Texas ba ka sani ba.

Ni ba lauya ba ne, amma shekara tara ke nan ina aiki a ƙarƙashin lauyoyin da ke irin wannan shari'a. Ni ke haɗa takardu, in ƙirga ranaku, in shigar a kotu. Abin da idona ya gani zan gaya maka.

Da farko ka kwantar da hankalinka, wasiƙar lauya ba sammaci ba ce. Amma maganar "ban taɓa zuwa ba" kada ka jingina da ita, ba za ta ɗauke ka ba. Tun shekarar 1945, a shari'ar International Shoe, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba sai ƙafar mutum ta taka jiha ba kafin kotun jihar ta samu hurumi a kansa. Abin da ake dubawa shi ne ko shi da kansa ya miƙa hannu cikin jihar yana neman kasuwa, kuma ko rigimar tana da alaƙa da wannan miƙa hannun. A shari'ar haƙƙin ƙirƙira, kotun ɗaukaka ƙara guda ɗaya ce ke shimfiɗa ƙa'ida ga ƙasar duka, wato Federal Circuit da ke Washington, wadda aka kafa a 1982. A 1994 ta yi hukunci a kan wata fankar sili da ake ƙerawa a Asiya, wani kamfanin New Jersey ya shigo da ita, a sayar a shagunan Virginia. Wanda ya ƙera da wanda ya shigo da ita duk suka ce ba ruwansu da Virginia. Kotu ta ce da ruwanku, tunda kun zuba kaya a hanyar da kuka san can take kaiwa. Shari'ar Beverly Hills Fan ke nan, har yau ita ake jawowa. To ka buɗe lissafin cinikinka na Amazon. Idan akwai adireshin Houston ko Dallas a ciki, kuma na san da wuya a rasa, gardamar hurumi a kanka ba za ta yi ƙarfi ba.

Garkuwarka tana wani wurin dabam, kuma mutane da yawa ba su san ƙofa biyu ba ce. Ɗaya hurumin kotu a kan wanda ake ƙara, ɗayar kuma wurin da doka ta yarda a shigar da ƙarar. Dole mai ƙara ya bi ta duka biyun. Shari'ar haƙƙin ƙirƙira a kotun tarayya kaɗai ake yin ta, kuma tana da dokarta ta musamman a kan wuri, sashe na 1400(b): ko dai inda wanda ake ƙara yake zaune, ko kuma inda ya aikata laifin da ake zargi kuma yake da tsayayyen wurin kasuwanci. Shekaru da yawa kotuna suna fassara "zaune" da cewa duk inda hurumi ya kai, shi ya sa masu ƙara suka yi ta tururuwa zuwa gundumar gabashin Texas, musamman Marshall, ƙaramin gari mai mutum dubu ashirin da 'yan kai. A 2015 fiye da kashi 40 cikin ɗari na irin waɗannan ƙararraki na Amurka a wannan gundumar aka shigar. Sai a watan Mayun 2017 Kotun Ƙoli ta taka birki a shari'ar TC Heartland da Kraft Foods, inda aka ja kamfanin Indiana zuwa Delaware. Ta ce kamfanin Amurka a jihar da aka yi masa rajista kaɗai yake zaune. A shekarar dai, a shari'ar Cray, aka fayyace cewa wurin kasuwancin nan sai ya zama wuri na zahiri, tsayayye, kuma na wanda ake ƙarar ne shi kansa. Kotuna da dama sun ƙi ɗaukar rumbun ajiyar Amazon a matsayin wurin mai sayarwa, domin ba kai ka kama hayarsa ba, ba kai ke riƙe da makulli ba. Saboda haka idan ba ka da shago, ofis ko sito naka a Texas, kana da hujja mai kyau ta cewa ba a can ya kamata a shigar ba.

A nan ne nake son ka buɗe kunne sosai, domin wannan hujja ba ta aiki da kanta. Alƙali ba zai ɗaga maka ita ba. Daga ranar da aka miƙa maka sammaci kwana 21 gare ka. Idan sun aiko da takardar yafe kawo sammaci hannu da hannu ka sa hannu, ya zama kwana 60, ga wanda ke wajen Amurka kuma 90. Kuma dole ƙorafin hurumi da na wuri su fito a takardar farko da ka shigar. Idan ka fara amsa zargin ba ka ambace su ba, bakin alƙalami ya bushe.

Na ga wannan da idona. Wani dattijo mai sayar da kayan kicin, da sunansa aka kai ƙara don bai yi rajistar kamfani ba. Mutum ne mai gaskiya, zargin ya ɓata masa rai, sai ya zauna ya rubuta wa kotu shafi huɗu da kansa, yana bayanin inda ya sayo kayan, har da hotuna, yana rantsuwa bai saci fasahar kowa ba. Aka karɓa a matsayin amsarsa. Da ya zo wurinmu bayan wata biyu, ya ciro kwafin daga wata jakar leda, an naɗe shi da kyauro tare da rasitai. Lauyar da nake aiki da ita ta karanta har ƙarshe, ta koma farko tana neman layi ɗaya da ya ce wannan kotu ba wurin ƙarata ba ce. Babu. Ta cire tabarau ta ajiye, ta daɗe ba ta ce komai ba. Haka ya yi ta biyan lauyoyi biyu, namu da na can jihar, har aka sasanta a kan kuɗin da ya fi ribarsa ta shekara. Har yau abin yana damuna, domin jimla ɗaya ce ta raba shi da yin shari'arsa a gida. Kai da kake da kamfani ma, doka ba ta yarda ka tsaya masa da kanka a kotun tarayya ba, sai da lauya.

Yin shiru kuma ya fi wannan muni. Za a yanke hukunci a bayan idonka, a kawo shi kotun tarayya ta Ohio a yi masa rajista, a bi asusunka.

Akwai abin da ba ka faɗa ba wanda nake son ka duba yau: sunan wa ke kan asusun Amazon ɗin, kuma wa ke shigo da kayan? Kariyar TC Heartland ta kamfanonin Amurka ce. Kamfanin waje ana iya ƙararsa a kowace gunduma, haka aka sake tabbatarwa a shari'ar HTC a 2018. Idan da sunan kamfanin wani ɗan'uwa a Kano ko masana'anta a Guangzhou ake cinikin, lissafin ya canza gaba ɗaya. Har ma akwai ƙa'ida ta 4(k)(2) a dokokin shari'ar kotunan tarayya, wadda ke ba kotu damar haɗa hulɗar baƙo da Amurka duka idan babu jiha ɗaya da ke da hurumi a kansa. A 2009 da ita aka riƙe wani kamfanin Birazil mai ƙera ƙarafan ɗorin ƙashi, don ya kawo samfuri ya baje a wani taron likitoci a San Diego.

Wani a ƙasa ya ba ka shawarar ka riga su, ka shigar da ƙara a Ohio kotu ta bayyana cewa ba ka shiga haƙƙinsu ba. Ana yin haka, amma ka lura yanzu su ne baƙi, kai ne za ka nuna kotun Ohio tana da hurumi a kansu. A 1998, a shari'ar kamfanin takalma na Red Wing da ke Minnesota, aka ce wasiƙun gargaɗi kawai ba su isa a jawo mai haƙƙi zuwa jiharka ba, don yana da damar sanar da mutane haƙƙinsa ba tare da ya bi su kotu-kotu ba. Daga baya an sassauta. A 2021 kamfanin Trimble ya samu damar ƙarar PerDiemCo a Kalifoniya, saboda cikin kimanin wata uku sun tuntuɓe shi sau 22, ta wasiƙa da imel da waya, suna ƙara matsa lamba. Wadda ta fi kusa da halinka ita ce ta SnapPower a 2024. Kamfanin Utah ne mai sayar da murfin soket, wani kamfani da ke Arizona ya kai ƙorafinsa ta tsarin APEX na Amazon, inda ake ba mai sayarwa mako uku ya ɗauki mataki ko a sauke kayansa. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce wannan kai hannu ne kai tsaye ga cinikin mutum a jiharsa, don haka Utah tana da hurumi. A ganina hukuncin nan adalci ne, domin wanda zai iya rufe maka shago daga nesa ya kamata ya iya zuwa garinku ya kare abin da ya yi.

Don haka ka adana komai. Ambulan da hatimin gidan waya, kowane imel, ranar kowane kira da abin da aka faɗa a ciki. Kada ka kira lauyoyinsu don ka yi musu bayani, duk abin da ka furta game da yawan cinikinka da jihohin da kake aikawa zai koma cikin takardar ƙararsu. Kada kuma ka goge wani saƙo tsakaninka da masana'anta, tunda an yi maka barazanar shari'a wajibi ne ka kiyaye su.

Sannan ka sani, ko ka yi nasara a kan wuri, sau da yawa alƙali ɗauke ƙarar yake yi ya mayar da ita Ohio, ko su sake shigarwa a can. Sauƙi ne babba, lauya ɗaya maimakon biyu, ba kuɗin jirgi da otal, kuma masu neman a biya su da sauri sukan sauko da farashi idan aka raba su da kotun da suka saba. Amma tambayar ko maƙalinka ya shiga haƙƙinsu tana nan daram. Lambar haƙƙin tana cikin wasiƙar. Ka nemo takardar a shafin Google Patents, ka gangara ƙarshe inda aka jera abubuwan da suke iƙirarin mallaka, ka ɗora maƙalinka a tebur ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan haƙƙin siffar kaya ne, lambar za ta fara da harafin D, zane-zanen za ka kwatanta. Ka duba yarjejeniyarka da masana'anta ko sun ɗauki alkawarin kare ka idan irin haka ta taso. Da waɗannan a hannu za ka je wurin lauyan da aikinsa ke nan, ba wanda ya yi maka takardun zama ba, kuma a makon nan. Ka rubuto mana ranar da ke jikin wasiƙar da wa'adin da suka ba ka, zan taya ka ƙirga kwanakin. Allah Ya kawo mafita.