Tambaya da Amsa: Idan Aka Rage Hayaƙi, Zafin Duniya Zai Sauka?

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso wannan fili sun haɗu a kan batu guda, wato rage iskokin da ke ɗumama duniya da abin da hakan zai iya haifarwa. Mun taƙaita tambayoyin ba tare da mun sauya ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce mai koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Wani ɗalibina ya tambaye ni ko zafin duniya zai ragu da rabi idan ƙasashe suka rage hayaƙin da suke fitarwa da rabi. Na ce masa ina jin haka ne, amma har yanzu raina bai kwanta da amsar ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Gara da ranki bai kwanta ba, domin amsar ita ce a'a, kuma dalilin da ya sa haka shi ne ginshiƙin wannan batu baki ɗaya.

Iskar da ta fi kowace tasiri a ɗumamar duniya ita ce iskar kabon, wadda ke fita idan an ƙona kwal ko man fetur ko iskar gas, ko an sare daji, ko an gasa dutse domin yin siminti. Ba ta gushewa kamar hayaƙin da ido ke gani yana bajewa. Teku da tsirrai da ƙasa suna shanye kusan rabin abin da mutane ke fitarwa kowace shekara, sauran kuwa yana zaune a sararin sama, wani ɓangarensa na ɗaruruwan shekaru, wani har na dubbai. Saboda haka abin da ke tsayar da zafin duniya a wani mataki shi ne jimillar abin da aka tara tun farko, na bana kuwa ƙari ne kawai a kan na bara. Ki kwatanta wa ɗalibin da mutumin da ke cin bashi kowane wata ba ya biya. Idan ya rage abin da yake karɓa da rabi ya yi abin a yaba masa, amma bashin da ke kansa bai ragu ba, yana ci gaba da hawa ne a hankali. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Akwai shaidar da za ki iya zana masa a allo. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon tana wajen kashi 280 cikin miliyan na iskar da ke kewaye da mu. A shekarar 1958, lokacin da Charles David Keeling ya fara aunawa a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawai, ta kai wajen 315, yau kuma ta haura 420. Zanen wannan awo yana kama da haƙoran zarto da aka jingine a jikin bango: kowace shekara layin yakan kai ƙololuwa a watan Mayu, sannan ya ɗan sauko zuwa Satumba ko Oktoba saboda dazuzzukan arewacin duniya sun yi ganye suna zuƙar iskar, sai ya sake hawa idan ganyen ya zube ya ruɓe, amma kowane haƙori yana sama da wanda ya gabace shi. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage ta kuma rage zirga-zirgar motoci, hayaƙin kabon na duniya ya ragu da kimanin kashi 5 cikin 100. Duk da haka wanda ya duba zanen da ƙyar zai gane wannan shekara, domin iskar da ke sama ta ƙaru da fiye da kashi 2 cikin miliyan kamar yadda ta saba.

Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, ya ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa a rahotonsa na 2021: kowane tan biliyan 1,000 na iskar kabon da aka fitar yana ƙara wa duniya zafi da kimanin digiri 0.45 a ma'aunin Salsiyos. Daga 1850 zuwa 2019 an fitar da kusan tan biliyan 2,400, kuma idan ɗalibin ya yi lissafin da kansa zai samu adadin da ya yi kusa da digiri 1.1, wanda shi ne ƙarin zafin da aka auna a shekarun 2011 zuwa 2020. A yanzu ana fitar da wajen tan biliyan 40 a shekara, ke nan duk shekara 25 ana cika wani biliyan 1,000. Idan aka rage da rabi, za a ɗauki shekara 50 kafin a cika shi. An sami lokaci, kuma lokacin yana da daraja ƙwarai ga mai gina madatsar ruwa da mai neman irin shuka da ke jure fari, amma zafin bai daina hawa ba.

Yana dainawa ne a ranar da abin da mutane ke fitarwa ya yi daidai da abin da suke janyewa daga sama, har ragowar ta koma sifili. A nan ne labari mai daɗi yake. Da can mutane da yawa sun ɗauka cewa ko an tsayar da hayaƙi zafin zai ci gaba da hawa na shekaru masu yawa, amma binciken baya-bayan nan ya nuna cewa zai tsaya kusa da inda aka bar shi. Teku za ta ci gaba da shanye iskar kabon, abin da ke jawo zafi ƙasa, a lokaci guda kuma za ta rage shanye zafin da take shanyewa, abin da ke tura shi sama, sai ƙarfin biyun ya kusan kashe juna. Ki gaya wa ɗalibin cewa ragewa tana sassauta gudun, kaiwa sifili tana tsayar da shi, saukowar zafin kuwa sai an janye fiye da abin da ake fitarwa.

Tambaya: Malam, na ji a labarai cewa shekarar 2024 ta haura digiri 1.5 ɗin da ake ta magana a kai. Tunda an riga an wuce iyakar, mene ne amfanin ci gaba da wahalar da kai?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye bayanai, da ƙarin kimanin digiri 1.55 a kan na shekarun 1850 zuwa 1900. Sai dai yarjejeniyar Paris ta 2015, wadda ta ce a riƙe ƙarin zafin ƙasa da digiri 2 sosai tare da ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5, ana auna ta ne da matsakaicin shekaru masu yawa, domin shekara guda tana iya yin sama ko ƙasa saboda juyin ruwan tekun Pasifik da ake kira El Nino.

Ba zan yi maka romon baka ba, burin 1.5 yana suɓucewa. IPCC ta ƙiyasta cewa daga farkon 2020 saura tan biliyan 500 a fitar idan ana son damar rabi da rabi ta tsayawa a wurin, kuma shekaru biyar na farko kaɗai sun cinye wajen 200. Ta kuma ce hanyar tana buƙatar a rage iskokin da kashi 43 cikin 100 nan da 2030 idan aka kwatanta da 2019, a kai iskar kabon sifili a farkon shekarun 2050, alhali har yau jimillar hayaƙin duniya ba ta fara saukar da ake nema ba.

Inda na saɓa da kai shi ne ɗaukar 1.5 kamar bakin rijiya, wanda idan an zarce shi an faɗa ke nan. Ɓarnar tana ƙaruwa ne taki-taki. Tsananin zafin da a da yake zuwa sau ɗaya a shekara 50 zai riƙa zuwa kusan sau 9 a digiri 1.5, kusan sau 14 a digiri 2, da wajen sau 39 a digiri 4. Murjanin teku na ruwan ɗumi, inda kifaye masu yawa ke hayayyafa, ana hasashen zai ragu da kashi 70 zuwa 90 cikin 100 a 1.5, a digiri 2 kuwa kusan babu abin da zai saura. Kowane digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururin ruwa da wajen kashi 7 cikin 100, shi ya sa mamakon ruwan sama ke ƙara ƙarfi. Wanda ya rasa 1.5 yana da 1.6 da 1.7 a gabansa, kuma tazarar da ke tsakaninsu rayukan mutane ce da gonakinsu. Abu ɗaya da ba zai tsaya da wuri ba shi ne hawan ruwan teku, wanda ya ƙaru da wajen santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma zai ci gaba na ƙarnuka ko da zafin ya tsaya, sai dai saurinsa ya danganta da inda aka tsayar da zafin.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗalibin injiniya ne. Shin akwai wata iska da rage ta zai nuna sakamako tun muna raye?

Amsa: Akwai, ita ce metan, babban sinadarin iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa. A cikin shekara 20 na farko tana riƙe zafi fiye da iskar kabon da wajen ninki 80, amma tana rushewa a sama cikin kimanin shekara 12, don haka ba ta taruwa irin taruwar kabon. Idan aka rage ta, yawanta a sama yana sauka, tasirinta ma ya bi shi. Tana fitowa daga tumbin shanu da sauran dabbobi masu tuƙa, da gonakin shinkafa da ruwa ya kwanta a cikinsu, da juji, da ramukan haƙar kwal, da rijiyoyi da bututun mai da gas. Wannan na ƙarshe shi ya shafi sana'arka. Ido ba ya ganin metan, amma idan aka saita kyamara mai ganin zafi a kan mahaɗar bututu da ta saki, sai a ga wani baƙin gajimare yana tuɗaɗowa daga wurin da ake zaton lafiya lau yake. Sau da yawa gyaran bai wuce sauya roba ko ɗaure bawul ba, kuma gas ɗin da aka tsare haja ce ta sayarwa. A taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021 ƙasashe fiye da 100 sun yi alkawarin rage metan na duniya da kashi 30 cikin 100 nan da 2030 idan aka kwatanta da 2020. Haka kuma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Montreal, wadda aka ƙulla don kare shimfiɗar iskar ozon da ke tare mana haskoki masu cutarwa na rana, a Kigali a 2016 ya tanadi rage iskokin da ake zuba wa firji da na'urar sanyaya ɗaki, matakin da aka ƙiyasta zai iya kare duniya daga ƙarin zafin da ya kai rabin digiri zuwa ƙarshen ƙarnin nan.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba da ya sa metan ke da muhimmanci. Ƙona kwal da mai yana fitar da ƙurar farar wuta da ke mayar da hasken rana sama, wadda ke ɓoye kusan rabin digiri na zafin da da an ji shi. Ƙurar tana kashe mutane ta hanyar cututtukan huhu da zuciya, dole a kawar da ita, amma tana wankewa daga sama cikin 'yan kwanaki, don haka da zarar an daina fitar da ita sai zafin da ta rufe ya bayyana. Rage metan ne zai iya cike wannan giɓi. Ba ya maye gurbin rage kabon, kuma duk wanda ya gabatar da shi a haka yana neman hanyar zamewa ne.

Tambaya: Malam, me zai hana a dasa itatuwa da yawa su shanye hayaƙin, a bar mutane da man fetur ɗinsu? Kuma akwai ƙasar da ta taɓa ragewa da gaske?

Amsa: Hajiya, akwai. Birtaniya, inda juyin masana'antu ya faro, ta rage hayaƙin da take fitarwa a cikin gida da wajen rabi tun daga 1990. A 2012 kwal ne ke ba ta kusan kashi 40 cikin 100 na lantarkinta, amma a ƙarshen Satumban 2024 ta rufe tasharta ta ƙarshe mai aiki da kwal. Gaskiya ne cewa wasu masana'antunta sun koma ƙetare da hayaƙinsu, sai dai sauyin da aka yi a lantarki na zahiri ne. Abin da ya sauƙaƙa irin wannan shi ne faɗuwar tsadar fasaha, domin tsakanin 2010 da 2019 kuɗin samar da lantarki daga hasken rana ya ragu da kashi 85 cikin 100, na iska da kashi 55, na baturan litiyom da kashi 85.

Dasa itatuwa kuwa alheri ne, hana sare waɗanda ke tsaye ma ya fi shi saurin amfani, amma ba za su ɗauke nauyin ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na iskokin da ke ɗumama duniya daga makamashi suke fitowa, kuma babu filin da zai isa a dasa abin da zai shanye wannan ba tare da an cinye gonaki ba. Bishiya tana ɗaukar shekaru gommai kafin ta tara kabon mai yawa, idan kuma gobara ko fari ko gatari ya same ta sai ta mayar da shi sama, alhali kabon da ke cikin kwal da mai ya shafe miliyoyin shekaru a binne kafin a haƙo shi. Inda masana ke ganin amfanin itatuwa da na'urorin janye kabon shi ne share ragowar da ta gagara, kamar ta jiragen sama da wani ɓangare na siminti da noma, bayan an rage duk abin da ake iya ragewa daga tashoshin lantarki da motoci da masana'antu.