Kejin kaji yana wari kuma yana zafi: a ina za a buɗe wa iska hanya?

Tambayarka ita ce: an kira ka gyaran keji a bayan gida, ƙafa 10 da ƙafa 12, ginin bulo har sama, rufin kwano, taga ɗaya, kaji masu ƙwai 30 a ciki. Wari ya yi yawa, kajin suna haki da rana, mai gidan kuma ya ce a ƙara masa taga. Shin ƙarin tagar ya isa?

Bai isa ba, yarona, idan a tsayi ɗaya da ta farko za ka fasa ta. Kaza ba ta gumi. Da numfashi take fitar da zafin jikinta, shi ya sa kake ganin ta buɗe baki ta saki fiffike. Wannan numfashin danshi ne, kashinta ma danshi ne, kuma daga kashin ne iskar amoniya mai yaji a ido take tashi. Iska mai zafi sama take yi. In ba ta samu mafita a can ba, sai ta taru ƙarƙashin kwano ta cika ɗakin. Saboda haka hanya biyu kake nema: ta shiga daga ƙasa, ta fita daga sama.

Kafin ka ɗauki guduma, ka je da sassafe ba a buɗe ƙofa ba tukuna. Ka durƙusa har kanka ya zo daidai kan kaza, ka shaƙa. In idonka ya yi yaji, to su a haka suka kwana. Ka duba cikin kwanon ko yana ɗigar raɓa. Ka damƙi shimfiɗar ƙasa, wato buntu ko askin katakon da kaji ke takawa, ka matse: in ta cure ta zauna, ta jiƙe, mai kyau wargajewa take yi. Sannan ka kunna ɗan tsumma ka riƙe a tsakiya, ka ga inda hayaƙin ya nufa. In ya tsaya yana yawo, iska ba ta ratsawa.

Aikin kansa kuwa, ka rushe dogayen bangaye biyu masu fuskantar juna, ka bar bulo biyu kawai, wajen inci 18. Daga nan har ƙarƙashin rufi waya ce mai ido rabin inci, a kan firam na katako tu-bai-tu (kaurin inci 2 da inci 2), a tsakanin ginshiƙan tu-bai-fo (inci 2 da inci 4) da za su ɗauki nauyin rufin. Ka kafa ginshiƙan kafin ka taɓa bulo. Waya mai manyan idanu tana barin ɓera da maciji da tsuntsaye su shiga, tsuntsayen nan kuma suna kawo cuta. Gidan sauro kuma kada ka yarda ko mai gida ya nace, ƙura da gashin kaza suna toshe shi cikin ɗan lokaci. Ko wayar ma sai ana kakkaɓe ta da tsintsiya duk mako.

Ɓangarorin da za a buɗe su kalli kudu da arewa, na gabas da yamma su zauna a rufe. Ta haka hantsi da ranar la'asar ba za su faɗo kan kaji ba, kuma hadarin damina, da yawanci daga gabas yake tasowa, zai tarar da bango. In ɗaya ɓangaren ya manne da katangar gida, ba a taɓa katanga. Sai ka ɗaga rufin ta wannan gefen, ka bar rata inci 8 zuwa 12 tsakanin kan katanga da kwano, ka rufe ratar da waya.

Rufi shi ne inda yawancin masu aiki suke yin rowa. Mafi ƙasƙancinsa kada ya gaza ƙafa 7, kwanon kuma ya zarce bango da ƙafa 2 zuwa 3 don feshin ruwa kada ya jiƙa shimfiɗa. In rufin mai gangara biyu ne, ka bar rata inci 6 a tsawon doronsa, ka ɗora masa hular kwano a sama da tazarar inci 4. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, kwano kuwa kamar tanda yake zama. A shimfiɗa zana ko karan dawa a kansa a ɗaure da waya, ko a shafa masa farin fenti.

Lokacin hunturu ne ake yin babbar ɓarna. Mutane suna jin sanyi sai su naɗe kejin kaf da leda, washegari kaji na atishawa, idanu sun kumbura, a ce sanyi ne ya kama su, alhali gurɓatacciyar iska ce. Babbar kaza tana jure sanyin ƙasarmu. Abin da ba ta so shi ne iska ta riƙa dukanta kai tsaye tana barci. Don haka ka yi labulen buhu, ka buga shi da ƙusa daga ƙasa, a riƙa jan sa sama da igiya. Ko an rufe da dare, a bar inci 6 a buɗe daga sama. Ɓangaren arewa za a fi rufewa, tunda daga arewa maso gabas hunturu yake busowa. Sandar kwanansu kuma ka sauke ta ƙasa da bakin labulen. In da 'yan tsaki da ake ɗumama wa da gawayi, wannan ratar wajibi ce, domin gubar gawayi ba ta da wari, kuma tana kashewa.

Ka gaya wa mai gidan abin da ya rage nasa. Kaji 30 su ne iyakar ɗakin nan, kada ya ƙara. Ya zuba buntun shinkafa ko askin katako kaurin inci 3 zuwa 4, ya riƙa juya shi, ya kwashe wanda ya jiƙe a gindin mazubin ruwa. Garin katako mai laushi ƙura yake tayarwa, a bar shi.

Kana gamawa ka sake kunna tsumman. Hayaƙin ya miƙe ya fita ta sama ko ta ɗaya wayar. In bai fita ba, ka ƙara faɗin ratar sama da inci biyu ka sake gwadawa.