Ina So In Gama Karatu Kafin In Haihu, Mene Ne Hukuncina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku a Jami'ar Bayero, an sa mini rana bayan Babbar Sallah. Ina so in jinkirta haihuwa har in kammala karatu. Wata ƙawata da muke ɗaki ɗaya kuwa ta rantse ba za ta taɓa haihuwa ba, tun da ta kwana a asibiti tana jinyar yayarta da ta yi doguwar naƙuda. Shin abin da muke nufi ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, maganarki daban, ta ƙawarki daban.

Jinkirtawa ta ɗan lokaci halal ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito Jabir ɗan Abdullahi yana cewa suna yin azalu, wato miji ya zubar da maniyyi a waje yayin saduwa, alhali Alƙur'ani yana sauka, ba a hana su ba. A kan haka malamai suka yi ƙiyasin magungunan tazarar haihuwa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara idan miji da mata sun yi shawara sun yarda, babu cutarwa, kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ki riƙe shi da kyau, don mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya ya hana zubar da ciki ko bai kai kwana 40 ba.

Yardar miji ita ce inda na fi ganin 'yan mata suna tuntuɓe. Imamu Malik ya ce a Muwaɗɗa miji ba ya yin azalu sai da izinin matarsa, saboda ita ma tana da haƙƙi a haihuwa. To shi ma yana da nasa. Sau nawa ake zuwa mana sulhu, miji ya tsinci ƙwayoyi a ƙarƙashin kayan lefe, wata shida da biki, uwar miji kuma ta riga ta fara nemo rubutu! Ki gaya wa wanda za ki aura tun yanzu yana zuwa zance, ku yanke wa'adi, sannan likita ya zaɓa miki abin da jikinki zai ɗauka. Ban da na mai kemis ɗin bakin layi.

Ita kuwa ƙawarki, kar ku yi mata dariya, abin da ta gani abin tsoro ne, Allah da kansa ya kira ɗaukar ciki rauni a kan rauni a Suratu Luƙman. Amma toshe haihuwa gaba ɗaya, kamar juya mahaifa ko cire ta, bai halatta ba sai likita amintacce ya tabbatar ciki zai halaka ta. Rantsuwarta kuma ba ta ɗaure ta ba: ranar da ta sauya ra'ayi sai ta yi kaffara, ta ciyar da miskinai 10 ko ta tufatar da su, in ba hali ta yi azumin kwana 3. Wallahu a'alam.