Tambaya da Amsa: Birkin tsohuwar motar soja yana nutsewa

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah na sayi tsohuwar motar soja ƙirar M35 a gwanjo, ta daɗe a ajiye. Inji ya tashi lafiya lau amma in na taka birki sai ya tafi har ƙasa, kuma tayar baya ɗaya ta jiƙe da mai ta ciki. Makanikena yace shu, wato takalmin birki da ke matse diram ɗin taya, kawai za a canza. Haka ne?
Mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji. Gaskiya ban yarda da makaniken nan ba, cinyewar shu kaɗai ba ta sa birki ya nutse haka a motar da ta kwana biyu a ajiye, mai ne ke zuba ko iska ta shiga layi.

Ita M35 kamfanin REO na Amurka ne ya fara ƙera ta wajen 1950, birkinta na mai ne iska ke taimaka masa, kuma abin tsoron shi ne yawancinsu layi ɗaya ne tak ke kai mai duka ƙafafun shida, tiyo ɗaya ya fashe toh shikenan ba birki gaba ba birki baya. Saboda haka a fara da masta (babbar silinda mai tura man birki) da silindar kowace ƙafa da tiyoyin roba, kar a tsaya lallaɓa su, a canza kawai. Bututun ƙarfen ma a bi su a duba tsatsa.

Man da ka gani a tayar, shinshina shi. In yana da kauri da wari to man aksil ne, sil ɗin da ke tare shi ya mutu, kuma shu ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa ko da fetur, sai sabon lainin, wato shafin da ke jikin shu mai gogar diram. Diram in ya yi zane a kai wa masu tana, wato masu goge ƙarfe da inji, amma kar su ci shi ya wuce ƙa'ida.

Sai maganar man birki, nan mutane ke kwafsawa. Sojan Amurka DOT 5 suke zubawa, na silikon, launin shunayya, ba ya haɗuwa da DOT 3 ko 4 da ake sayarwa a kasuwa. Duba na ciki tukuna kafin yaron shago ya ƙara maka wani. Wajen fitar da iska a fara da busta, wato na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi da iska, sannan ƙafar da ta fi nisa da ita.

Kuma don Allah kar a hure ƙurar diram da kwamfireso, tsofaffin lainin da asbesto ake yin su, yana illata huhu. A jiƙa ta a goge.