Burkutuna ta fito kamar kunu, kwana biyu kuma ta koma tsami zalla

Tambaya: Barka da aiki malam. Daga Kafanchan nake rubutowa, kakata ce ke dafa burkutu a gidanmu amma ta rasu ban koya ba. Na gwada da jar dawa, na jiƙa ta tsira, na niƙa na dafa na zuba yis ɗin burodi. Abin ya fito ba ƙarfi sam, bayan kwana biyu kuma ya yi tsami har ba ya shawuwa. Ina matsalar take?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Daga yadda ka faɗa, wurin dahuwa ne aikin ya lalace.

Yis ba ya cin sitaci, sikari yake ci. Dalilin da ya sa ake barin dawa ta yi tsiro kwana 3 zuwa 5 shi ne ƙwayar ta fitar da wani sinadari mai suna amilez, shi ke narkar da sitaci ya mai da shi sikari, irin aikin da tsiro ke yi a kunun zaƙi ke nan. To amilez ɗin nan yana aiki ne a zafin digiri 60 zuwa 70 na ma'aunin Celsius, da ruwa ya tafasa ya mutu, ita kuma dawa sitacinta taurin kai gare shi, ba ya sakin jiki sai zafi ya kai wajen 70 ko ya wuce, to ka ga in ka juye komai a tukunya ɗaya ka tafasa, ka dafa sitacin amma ka kashe wanda zai narkar da shi. Kunu ka yi, yis ya shiga bai tarar da abinci ba.

Masu dafawa tun da can sun san maganin wannan ba tare da ma'aunin zafi ba. A dama garin tsiro da ruwan sanyi, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman a ajiye gefe, a nan amilez ɗin yake. Kaurin ƙasa kaɗai ake dafawa, in ya ɗan huce sai a mayar masa da ruwan da aka ajiye, a rufe. Ka ɗanɗana bayan awa ɗaya ko biyu, in ya tsinke ya yi zaƙi to ka kama hanya. Daga nan ya kwana ya ɗan yi tsami, a tace, a sake tafasawa sosai, ya huce har ka iya sa yatsa ba ka ji zafi ba, sannan yis. Na burodi zai yi aiki amma ni ragowar burkutu mai kyau daga hannun wata mai dafawa na fi yarda da shi. Da ɗan bambanci kaɗan haka ake yin pito a arewacin Ghana da bilbil a arewacin Kamaru. Kuma kada ka raina dawa, da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 ita manyan kamfanonin giya suka koma wa.

Maganar tsami kuwa ba laifinka ba ne duka. Burkutu ba a yi ta don ajiya ba, ana shanta tana kan kumfa, in iska ta samu shiga wasu ƙwayoyin bakteriya suna mai da barasar ruwan tsami, ga zafin garinmu yana taimaka masu. Ka dafa kaɗan, ka wanke randa da ruwan zafi, ka rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada ka ɗura a kwalba ka toshe, iskar da yis ke fitarwa za ta fasa ta.

Abu biyu da ba na wasa da su. Idan tsiron ya bushe ka murje saiwar da ɗan tohon ka sheƙe kafin niƙa, akwai sinadarin da ke fitar da gubar sayanayid a cikinsu. Dawar da ta yi fumfuna kuma zubar da ita, tafasa ba ta kashe gubar afulatoksin, hanta take ci. Sannan in za ka koma zama irin su Kano ko Zamfara ka sani dokar shari'a ta haramta wannan sana'a a can, Hisba na kamawa.